Yadda Delmer Stuckey Ya Kayar Da Gwamnati Sau Uku

Idan ka shiga shagon kofi na Hoyt a Harlan Creek da safe, ka ji murya guda ta danne ƙarar cokula da ta rediyo, to ba sai ka waiwaya ba, Delmer Stuckey ne. Dogon mutum ne mai tumbi, da alƙaluma huɗu a aljihun riga, ko ɗaya ba ya rubutu. Tun yana saurayi yake gyaran injin yankan ciyawa a garin nan namu na kudancin Ohio, amma ka kuskura ka ce masa makanike, ranar ba za ka sha kofinka da zafi ba. Shi mai ƙirƙira ne. Har allo ya kafa a ƙofar tsohuwar bargar dawakin marigayi surukinsa: Cibiyar Binciken Sararin Sama ta Stuckey. Ma'aikatan cibiyar su biyu ne, shi da matarsa Lorna, ita ma ba ta san an ɗauke ta aiki ba sai da ta ga sunanta a allon.

Sai dai bargar ba tasa ba ce. Gadon Glenda ce, ƙanwar Lorna, mai kiwon karnukan kora tumaki, mai bakin da ba a kai masa ƙarshe. Ta daɗe tana son wurin ta zuba karnukanta, Delmer kuwa kullum sai ya ce ta ba shi wata guda, wani babban abu na tafe.

Rannan kuwa babban abun ya zo. Delmer ya banko ƙofar shagon Hoyt yana kaɗa wasu takardu a sama.

"Ku tashi ku gaida ni! Gwamnati na nemana."

Hoyt bai ko ɗago daga fanken da yake juyawa ba. "Haraji ne?"

"Bincike, jahili! Kuɗin nan da ake ware wa ƙananan kamfanoni. Wata hukuma ke neman sabuwar dabarar korar agwagin daji daga filin jirgi, don suna faɗawa cikin injin jirage. To wa ya shekara uku yana ƙera Sarkin Sama?"

Kowa ya san Sarkin Sama. Shaho ne na ƙarfe, fikafikansa ƙyauren tsohuwar motar ɗaukar kaya, idanunsa jajayen fitilun keke, cikinsa injin yankan ciyawa, bakinsa kuma ƙahon tirela, wato odarta.

Glenda na zaune a lungu, karyarta Biskit kwance kan ƙafarta tana lasar faranti. Biskit ta fi duk karnukanta basira, ta kuma fi su ƙiba, laifin Hoyt ne da gutsuren naman da yake jefa mata.

Glenda ta ce, "Mijin Yaya, idan ba ka samu ba fa?"

"Ba ni samu? Ni?"

"Kai ɗin. Idan ba ka samu ba, ka sauke allo ka ba ni bargata."

"Idan na samu kuma ki daina kawo mini zancen karnuka har abada."

"Hoyt, ka shaida."

Suka tafa hannu a kan kwalbar zuma. Lorna ta dafe kai, domin ita ta san inda Sarkin Sama zai koma idan aka rasa barga: ɗakin ƙasa na gidanta, kusa da injin wanki.

Da Delmer ya koma barga ya zauna karanta sharuɗɗan, murnar ta fara tsinkewa. Na farko ya ce abin kada ya wuce laba hamsin, yadda mutum ɗaya zai iya ɗauka. Delmer ya dubi Sarkin Sama, ya tofa yawu a tafin hannu, ya kira Lorna da Glenda su zo su ga ƙarfi. Ya rungumi ƙirjin shahon, ya yi nishi ɗaya, sai wani abu ya ce ƙas. Ba a jikin shahon ba.

"Wayyo ƙuguna! Lorna, kar ki taɓa ni! Glenda, kar ki yi dariya!"

"Ni? Tari nake yi."

A baron ɗiban taki suka tura shi gida, ƙafafu na reto, maƙwabta na leƙe ta taga. Amma a kwance bisa tabarmar falo ne wahayi ya sauko masa. Ashe a ƙa'idar kwangilar gwamnati, duk mai niyyar nema yana da ikon shigar da ƙorafi idan ya ga an tsaurara wani sharaɗi ba dalili, muddin ba a rufe karɓar takardu ba. Delmer ya karanta wannan sau biyu, ya manta da ƙugu.

"Lorna, kawo kwamfuta. Yau gwamnati za ta san ta taɓo Stuckey."

Ya rubuta shafi goma sha ɗaya. Ya kawo tarihin kakansa da ya yi yaƙi, ya kawo 'yancin ɗan ƙasa, ya tambaya ko jirgin sama shi kansa laba hamsin ne. Ya aika wa jami'in kwangilar, wani Mista Tillman, mutumin da muryarsa a waya kamar ta wanda bai yi barcin kirki ba tun bara.

Su kuwa jami'an nan sun san cewa ja da mai ƙorafi yakan tsayar da aiki watanni, ga lauyoyi, ga rubuce-rubuce. Idan sharaɗin ba na rai da mutuwa ba ne, gara a sassauta a wuce wurin. Ba a jima ba sai ga gyara an buga wa duniya: an cire zancen nauyi, abu ko a mota za a kawo shi, ya halatta.

Wayyo Harlan Creek! Delmer ya sa takardar gyaran a gilas ya rataye a bangon barga. Ya shigo shagon Hoyt da sanda yana ɗingishin manya.

"Ɗaya ba ko ɗaya! Washington ta durƙusa!"

"Kai ma ai a durƙushe muka gan ka cikin baro," in ji Hoyt.

"Raunin fagen fama ne wannan."

Sharaɗi na biyu na ƙara ne: kada abin ya dami jama'a da hayaniya. Delmer ya ce Sarkin Sama ai raɗa yake yi, zai ma gwada kowa ya ji. Ya ɗaura shi a bayan akori-kurarsa ya kai bakin tafkin da ke bayan coci, inda agwagin nan masu dogon wuya da ke saukowa daga Kanada suka mai da gidan ubansu. Bai duba ba ashe ranar ce mata ke sayar da kek don gyaran rufin coci.

Ya ja igiyar inji. Shiru. Ya sake ja. Shiru. Ya yi wa abin wata kalma da ba a faɗa kusa da coci, ya ja na uku.

Ƙahon tirelar nan ya saki wata irin kururuwa da har yau wasu tsofaffi ke cewa sun ɗauka tashin duniya ne. Motocin da ke harabar duk suka kama ihu tare. Matar fasto ta watsar da farantin kek a kan mai kaɗa molon coci. Wani doki a gonar da ke tsallake ya tsallake shinge, sai a gari na gaba aka kamo shi. Agwagin kuwa? Guda ɗaya ya ɗago kai, ya dubi Sarkin Sama sama da ƙasa, ya ci gaba da tsinkar ciyawa.

Delmer ya ce da ƙarfi, don kunnensa ya toshe, "Kun gani? Tsoro ya hana su motsi!"

Matar fasto ta nufo shi da ludayi. Bai tsaya jin bayaninta ba.

Ƙorafi na biyu shafi goma sha tara ne. A ciki, ka ji ikon Allah, ya faɗi magana guda ta hankali: filin jirgi ne fa, wace hayaniya za a yi da ta fi ta jirgin? Mista Tillman ya bugo waya da kansa.

"Mista Stuckey, a nan ka yi gaskiya. Za mu cire."

"Ka sake faɗa, matata na kusa."

"Za mu cire, na ce. Don Allah akwai saura?"

"Ka jira ni, ɗan'uwa. Yanzu na fara."

Gilas na biyu ya hau bango. Delmer ya sayi hular kwano ya sa aka rubuta masa Babban Mai Bincike a goshi. Ya fara ba mutane shawarar shari'a kyauta, ko sun tambaya ko ba su tambaya ba. Mai kawo wasiƙu ya koma ajiye nasa a bakin titi yana ƙara wuta.

Saura na uku, kuma shi ne mai wuyar: dole abin ya zama na'ura mai aiki da batir. Sarkin Sama kuwa fetur yake sha, yana fitar da hayaƙin da ke sa sauro hijira. Wannan karon a shagon Hoyt ya rubuta ƙorafin, a tsaye, yana karanta wa jama'a.

"Ina ruwan gwamnati da abin da mai korar agwagi ke ci? Agwagi ake so su tashi ko batir ake so a sayar? Ko fetur yake sha, ko iska, ko ruwan rijiya, a bar kowa ya zo da dabararsa!"

Glenda ta ajiye kofinta a hankali. Tana sosa kunnen Biskit ta ce, "Mijin Yaya, ko da nama yake ci?"

"Ko takalmi yake ci!"

"Kai, ka burge ni. Amma ai sun ce dole na'ura. Kai kuwa Sarkin Sama ya wuce a kira shi na'ura, raini ne."

Delmer ya tsaya, ya dube ta, har idonsa ya kawo ruwa. Tun da ya auri yayarta bai taɓa jin ta yabe shi ba.

"Glenda, ashe kina da kai. Wallahi raini ne. A cire na'urar ma! A ce kowace irin hanya!"

"Sa shi da manyan baƙaƙe."

"Da manya zan sa."

Har kofi ta saya masa. Lorna ta dubi ƙanwarta, ƙanwar ta dubi silin, Lorna ta so ta gargaɗe shi ta fasa. Ta tuna baro, ta tuna ludayin matar fasto, ta ga dai ba wanda ya taɓa tsayar da Delmer da magana.

Gyara na uku ya fito: kowace hanya ce, in dai sabuwa ce kuma za a iya gwada ta, an yarda. Aka ƙara wa'adin rufewa, aka kuma ce waɗanda takardunsu suka tsallake za su zo wani ƙaramin filin jirgi su nuna a gani da ido. Delmer ya jera gilas uku reras. Ya gayyaci ɗan jaridar gunduma, ya gayyaci fasto don a sasanta, ya ce wa Hoyt ya rufe shago ya zo ya ga tarihi. Rabin gari ya bi shi da kujerun naɗewa da kulolin lemo.

Filin ya cika da agwagi, sun baje a gefen titin jirgi kusa da wani kududdufi, ba abin da ya dame su. Mista Tillman na nan da allon rubutu, ɗan siriri, ga alama ya ƙara ramewa tun da ya san Delmer. Wasu samari biyu daga wata jami'a suka fara gwada ɗan jirginsu marar matuƙi, iska ta kwashe shi ta maƙala a bishiya. Delmer ya tafa musu.

"Ku koma makaranta, 'ya'yana. Ku matsa manya su wuce."

Ya sauke Sarkin Sama a kan tayoyin keken jarirai da ya ƙara masa. Ya gyara hular kwano. Ya yi jawabi har sai da Mista Tillman ya duba agogo sau biyu. Sannan ya naɗe igiyar a wuyan hannunsa don kar ta kuɓuce, ya ja.

Wannan karon bugu ɗaya ya tashi. Ƙaho ya yi kuka, hayaƙi ya turnuƙe, fiffiken dama ya kama bugawa fat-fat-fat. Na hagu ya ce shi bai san zancen ba. Abin da ke da fiffike ɗaya kuwa zagaye yake yi. Sarkin Sama ya juya, ya sake juyawa, ya ture teburin lemo, ya nufi fasto, fasto ya haye kujera. Delmer na biye a guje, ba don yana so ba, igiyar na hannunsa.

"Haka aka tsara shi! Kar kowa ya firgita! Lorna, kashe shi!"

"Ta ina?"

"Jan maɓalli!"

"Duk jajaye ne, Delmer!"

Shahon ya miƙe sak cikin garken agwagin. Suka buɗa masa hanya cikin ladabi, ya wuce, ya faɗa kududdufi da mai shi. Ƙahon ya yi wani gurgur a cikin ruwa ya mutu. Delmer ya miƙe, ruwa iya gwiwa, ciyawa a kan hular Babban Mai Bincike. A nan ne wani ƙaton namijin agwagwa, wanda da alama shi ne mai unguwar wurin, ya ga an shigo masa gida ba sallama. Ya miƙe wuya, ya yi huci, ya kafa wa Delmer baki a mazaunai.

"Wayyo Allah! Jama'a! Mista Tillman, ka rubuta sun kawo hari, alamar tsoro ce! Wayyo!"

Ya haye bayan Sarkin Sama ya rungume wuyansa. Agwagi suka yi masa zobe. Ɗan jarida sai ɗauka yake, Hoyt ya zauna a ƙasa yana riƙe ciki.

Mista Tillman ya duba allonsa ya ce, "Mai nema na gaba. Kamfanin Glenda Rasmussen."

Daga kan shahon Delmer ya ce, "Wa?"

Glenda ta buɗe bayan motarta. Biskit ta diro, da wani abin wuya mai 'yar rediyo a jiki. Dabarar ke nan da Glenda ta rubuta za ta bincika: yadda mutum zai zauna can nesa da titin jirgi yana ba kare umarni a kunne. Ta kai 'yar waya bakinta ta ce, "Hagu, 'yar gidana. Kwanta. Yanzu!"

Biskit ta yi ƙasa da kai ta zagaya, tumbinta na share ciyawa, ta saki haushi uku. Filin nan gaba ɗaya ya tashi sama. Sai kukan agwagi da fikafikai, mai unguwar ne ma a gaba. Kafin ka ce me, ba ko ɗaya, sai gashi na saukowa a hankali kan hular Delmer. Jama'a suka ɓarke da tafi.

Delmer ya fito daga ruwa takalmi ɗaya, yana ɗaga yatsa.

"Ina ƙorafi! Ina ƙorafi yanzun nan!"

Mista Tillman ya rufe ido ya buɗe. "A kan me, Mista Stuckey?"

"Kare ne! Wannan kare ne, ba na'ura ba!"

"Da can dole na'ura ce. Wani ya sa muka cire, da manyan baƙaƙe."

"To haushi take yi! Kowa ya ji!"

"Sharaɗin hayaniya ma wani ya sa muka cire. Har na ce masa ya yi gaskiya, matarsa na kusa."

"Ku dube ta, jama'a, ku dubi cikinta! Wannan ta fi laba hamsin!"

Glenda ta ce, "Hamsin da shida. Da ba don kai ba, mijin Yaya, da tun a sikeli an kore mu."

Delmer ya dubi Tillman, ya dubi Biskit, ya dubi mutanen gari da shi da kansa ya gayyato. Ya ce da 'yar murya, "To a mai da sharuɗɗan yadda suke."

"Ƙorafi kan sharaɗi kafin a rufe ake yin sa. Kai ka fi kowa sani." A karo na farko Mista Tillman ya yi murmushi. "In ma an mayar, naka ne zai fara fita."

Da sakamako ya fito, sunan Glenda ne. Jaridar gunduma ta buga hoton Delmer rungume da wuyan shaho, Hoyt ya yanke ya manna kusa da akwatin kuɗi.

Ranar sauke allo ba wanda ya yi dariya, har Glenda. Delmer ya hau tsani da kansa ya kwance kusoshin ɗaya bayan ɗaya. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, don a bargar nan ne kaɗai a duniya yake Babban Mai Bincike. Lorna ta riƙe masa tsanin, ta ce ta share masa lungu kusa da injin wanki, amma Sarkin Sama ba zai taka mata gida ba. Bai ma samu takawa ba: da aka je jawo shi daga kududdufi, an tarar wata agwagwa ta yi sheƙa a cikinsa, ma'aikatan filin suka ce doka ta hana a taɓa sai ta ƙyanƙyashe.

Ya kwashe spanoninsa a kwali, sannan ya miƙa hannu zai sauke gilasan nan uku na bango.

Glenda ta ce, "A'a, bar su nan."

"Nasarorina ne, Glenda."

"Na sani. Su ne tushen kamfaninmu. Duk baƙon da ya zo sai na nuna masa." Ta gyara zaman gilas na uku. "Ina neman mai tuƙa Biskit zuwa filin jirgi da safe. Aikin na buƙatar wanda ya san gwamnati."

Delmer ya gyara tsayuwa, ya taɓa alƙaluman aljihunsa. "Direba?"

"Shugaban sashen sufuri."

"Da hula?"

"Da hula."

Yanzu kullum da safe za ka ga akori-kurar ta tsaya a ƙofar shagon Hoyt. Delmer ya shigo ya danne rediyo da labarin yadda ya kayar da gwamnati sau uku, ya buɗe wa ƙananan kamfanoni ƙofar da ba wanda ya isa ya buɗe. Ba ya kai ƙarshen labarin. Yana isa gilas na biyu Biskit za ta ɗora ƙafa a kan sitiyari ta danna oda, shi kuma ya ajiye kofinsa rabi, ya ɗauki hularsa.

"Ku yi haƙuri, jama'a," yakan ce. "Oga na jira."